Littafin Rabo a Ingila, Buhun Gyaɗa a Azare

Ran 3 ga watan Satumba 1939, sa'ad da Ingila ta ɗaura yaƙi da Jamus, manoman ƙasar Katagum suna dakon gero ya ƙarasa nuna, gyaɗa tana ƙasa ba a kai ga cira ba, Sarkin Katagum Abdulƙadir ya cika shekara 30 bisa gadon Malam Zaki wanda ya kafa masarautar, Azare kuwa shekararta 23 ke nan da zama mazaunin sarauta tun da aka taso daga tsohon birnin Katagum a 1916. Labarin ya iso ta hanyar da labarai suka saba isowa a wancan zamani, wato daga Razdan na Bauchi zuwa ga Di'o, daga Di'o zuwa fada, daga fada zuwa ga hakimai da dagatai, kuma da wuya a sami talakan da ya ji shi ya ɗauka cewa rigimar Nasara a can ƙetaren teku za ta taɓa tukunyar gidansa. Amma kafin a yi damina uku ta taɓa ta, ta taɓa rigar wuyansa, ta kai har ga ɗan cikinsa. Abin da nake nufin bayyanawa shi ne, ƙuncin da mutanen Ingila suka sha a gidajensu cikin waɗannan shekaru, wanda littattafansu da finafinansu suka cika duniya da labarinsa, da ƙuncin da kakanninmu suka sha a Gamawa da Shira da Itas da Chinade, wanda kusan ba a rubuta komai a kansa ba, al'amari ɗaya ne mai fuska biyu, ba kuwa za a fahimci ɗaya fahimta ta haƙiƙa ba sai an ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.

Mu fara da nasu. Ingila tsibiri ce wadda ba ta noma abin da zai ci da jama'arta, a wancan lokaci fiye da rabin abincinta jiragen ruwa ne suke kawowa daga wasu ƙasashe, saboda haka da jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka shiga nutsar da waɗannan jirage a Tekun Atilantika, hukuma ta ga babu makawa sai a ƙayyade wa kowa abin da zai saya. A watan Janairu 1940 aka fara da bota da sukari da naman alade, daga baya nama da ganyen shayi da cuku da ƙwai suka biyo, tufafi suka shiga a watan Yuni 1941, sabulu a Fabrairu 1942. Kowane rai, babba da yaro, an ba shi ɗan littafin rabo, an kuma rubuta sunansa a kanti guda wanda ba shi da ikon zuwa wani, in matar gida ta zo da littattafan iyalinta, bayan ta daɗe tsaye cikin layi da jakarta a hannu, mai kanti ya auna mata, ya soke gurbin wannan mako da alƙalami ko ya yanke shi da almakashi. Rabon baligi a mako, a yawancin lokutan yaƙin, bai wuce oza 2 na bota ba, da oza 4 na man nan da ake haɗawa daga man tsirrai don shafa wa burodi, wanda suke kira majarin, da oza 8 na sukari, da oza 2 na ganyen shayi, da ƙwai guda idan an samu. Da magariba a saki baƙin labule a kowace taga don kada haske ya nuna wa jirgin abokan gaba gari. Yara da iyaye mata wajen miliyan ɗaya da rabi aka kwashe daga birane zuwa ƙauyuka cikin kwanakin farko, kowane yaro da takardar sunansa maƙale a rigarsa, kuma daga Satumba 1940 zuwa Mayu 1941 ruwan bama-bamai ya halaka farar hula fiye da 40,000, har mutanen Landan suka riƙa kwana a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan jarrabawa ce babba, wanda duk ya raina ta bai yi adalci ba.

Abin da ya sa suka iya jure ta, a ganina, shi ne yaƙinin da talakansu ya samu cewa ma'auni ɗaya ne ake auna wa kowa da shi. Gidan Sarki Joji na Shida ma suna da littafin rabo, bam ya faɗa fadarsa kamar yadda ya faɗa unguwannin matalauta, kuma ko a 1947, da 'yarsa Elizabeth za ta yi aure, sai da aka haɗa da takardun rabon tufafi kafin a sami yadin rigar amarcinta. Ba a rasa 'yan kasuwar bayan fage ba, ba a kuma rasa mawadata masu zuwa gidajen cin abinci su ƙara a kan rabonsu ba, har sai da hukuma ta hana a sayar da cin mutum ɗaya fiye da sule 5 a 1942. Amma duk da haka, da yake an keɓe madara ga yara da masu juna biyu, an kuma riƙe farashi, 'ya'yan matalauta da yawa sun fi samun abin gina jiki cikin yaƙi a kan yadda suke samu kafinsa. Ɗalibin da ya karanta tarihin Sahabbai ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin ya san a Shekarar Toka, sa'ad da fari ya afka wa Madina da kewayenta, Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun wadata. Ya kuma san malaman fiƙihu sun hana ɓoye abinci don a jira tsada, wasu daga malamanmu na Malikiyya sun halatta wa shugaba ya yanka farashi idan maslaha ta bukata, bisa sharaɗin kada a cuci mai saye, kada kuma a tauye mai sayarwa. Wannan sharaɗi na biyu shi ne nake so mai karatu ya riƙe, domin da shi za mu auna abin da ya faru a tamu ƙasar.

Oza 4 ɗin nan na majarin, da ɗan guntun sabulun da ake ba kowa, daga ina mansu yake fitowa? A watan Fabrairu 1942 Japan ta kama Singafo, ƙasashen gabas masu kuza da roba da man kwakwa suka suɓuce daga hannun Ingila da ƙawayenta, idon hukuma ya juyo kan Afirka ta Yamma, aka turo minista musamman, Lord Swinton, ya zauna a Ankara don haɗa kan aikin, a shekarar kuma aka sa cinikin gyaɗa da manja a ƙarƙashin hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma, wadda ita kaɗai take yanka farashi, Ma'aikatar Abinci ta Ingila kuma ita ce mai saye. Manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt, da manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata na Kano, suka zama masu saya mata da lasisi. Shi UAC kuwa a lokacin reshe ne na Unilever, wanda yake cikin manyan masu yin majarin da sabulu a can, don haka igiyar ba ta da tsawo kamar yadda ake zato.

A wannan bakin igiyar ga abin da ake gani. An cire gyaɗa, an shanya, an tsinke, mata sun ɓare ta a turmi sun sheƙe, maigida ya ɗura a buhu ya ɗora wa jaki tun da asuba, ya nufi Azare ko wata kasuwar da ake kafa sikeli. Tun kafin ya iso 'yan baranda sun tare hanya da kwanonsu, in ya tsallake su ya tarar da akawu zaune a rumfa da littafi, a rataya buhu, akawu ya karanta lambar da manomi bai iya karantawa ba, a ƙirga masa sulalla da kwabbai da aninai. Ba shi da ikon cewa albarka ya juya da kayansa, saboda dalili biyu: farashin ɗaya ne ko ina ya nufa, kuma lokacin kakar gyaɗa shi ne lokacin haraji, dagaci yana jira, hakimi yana jiran dagaci, baitulmali yana jiran hakimi. Da yake kuma Azare ba ta kan hanyar jirgin ƙasa, layin da ya tashi daga Kano zuwa Nguru a 1930 ya bi ta arewa da mu, sai an cire kuɗin dako zuwa bakin dogo daga abin da za a ba manomi, alhali motocin dakon kansu suna fama da rashin taya da man fetur, har jakuna da raƙuma suka koma ɗaukar kaso mai yawa na kayan. Ga shi an riƙe farashin abin da yake sayarwa, amma abin da yake saye ya tashi sama, tun da masaƙun Ingila sun koma yin kayan soja, jiragen ruwa kuma sun ƙaranta: akoko da alawayyo suka yi wuya, gishirin kanti ya yi wuya ƙwarai a Nijeriya duka, kananzir da ashana suka zama kayan marmari. Mutane suka koma ga abin da suka gada, mata ga kaɗi, maza ga saƙa, fitila ga man gyaɗa, miya ga mangul na ƙasar Manga, shi ma kuwa hanyarsa ba ta rasa cikas ba, domin daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun Faransawan Vichy masu biyayya ga Jamus, ana tsaron iyaka. Bambancin da ke tsakanin matar Landan da matar Gamawa a nan yake: ita waccan an rage mata, amma an lamunce mata abin da aka rage ɗin, ita wannan kuwa babu wani littafi da ya lamunce mata ko ƙyalle ɗaya.

Mafi ɗacin babi shi ne na kuza. Da kuzar Malaya ta tafi, sai aka matsa wa ramukan Jos su cike gurbi, da ma'aikata suka kasa, sai a 1942 aka kafa dokar aikin tilas, aka yanka wa lardunan Arewa, har da namu na Bauchi, adadin mazan da kowanne zai kawo, hukumomin En'e suka rarraba adadin a kan gundumomi da ƙauyuka. Daga nan zuwa 1944, da aka soke dokar bayan an ta da maganar a majalisar Ingila, wajen mutum 100,000 ne aka ɗiba. Mutumin da ya tashi a ƙasa mai zafi, ba shi da bargo, aka kai shi kan tsauni mai sanyin da bai taɓa ji ba, yana haƙa cikin ruwa, abinci ba ya isa, makwanci ba kirki. Da yawa suka kamu da ciwon ƙirji da atuni, da yawa suka rasu, da yawa suka gudu. Hatsin da za a ci da su da sojoji kuma daga rumbunan talakawa aka karɓa a farashin hukuma, a shekarun da damina ba ta yi kyau ba, har a wasu sassan ƙasar Hausa ana tuna yunwar 1942 da sunan 'Yar Gusau. Adalci ya wajabta in faɗi cewa Ingila ta yi wa 'ya'yanta irin wannan, domin daga ƙarshen 1943 ta riƙa jefa ƙuri'a a kan samarin da aka kira aikin soja, ta tura wajen 48,000 ramukan kwal ba da son ransu ba. Sai dai su waɗancan suna da albashi sananne, da ƙungiyar ƙwadago, da wakili a majalisa wanda iyayensu suka zaɓa, namu kuwa ba su da wurin kai kuka face wurin wanda ya rubuta sunansu.

Na soja an fi saninsa, ba sai na tsawaita ba. 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 ne suka sa kaki, sun yi yaƙin Habasha da Italiya a 1941, sa'an nan runduna ta 81 da ta 82 suka haye zuwa Indiya a 1943 da 1944 suka shiga dazukan Bama, a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan, har suka ci Myohaung a Janairu 1945, wasunsu da bindiga, wasu da kaya a ka ta hanyoyin da mota ba ta bi. Waɗanda ke gida kuwa, ko a gona suke, yaƙin yana wucewa ta bisa kansu, domin tun daga 1940 dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi sun bi ta Kano da Maiduguri da Sudan zuwa Masar, hanyar Kano zuwa Maiduguri ta sama kuwa ta ratsa sararin ƙasar Katagum.

Batun nishaɗi ma yana da abin lura. Hukumar Ingila ta rufe gidajen silima da na wasa ranar da yaƙi ya ɓarke, amma cikin 'yan makonni ta buɗe su, don ta gane jama'ar da ba ta samun inda za ta sake ba za ta daɗe tana haƙuri ba. Gidajen rawa suka cika, iyali suka riƙa kewaye rediyo da ƙarfe tara na dare don jin labarun BBC, kuma a 1946 kaɗai an sayar da tikitin silima fiye da miliyan 1,600, adadin da ba a sake kai wa ba. A nan namu nishaɗin bai dogara da hukuma ba, dandali yana nan da farin wata, kalankuwa da dambe da kokawa suna nan bayan kaka, sharon Fulani da hawan salla suna nan, sai dai an sami baƙi biyu da yaƙin ya ƙarfafa. Na farko majigi, motar da take zagaya garuruwa ta kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, mai fassara yana bayani da Hausa, ana nuna jiragen yaƙi da juriyar mutanen Landan, ana kwaɗaitar da jama'a ga noman gyaɗa da ba da gudummawar yaƙi. Na biyu jarida, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kwafi ɗaya kuwa ya isa zaure guda, malamin makaranta ko na asibiti yana karantawa, sauran suna saurare suna tambaya. Daga Ankara kuma Malam Isa Kaita da Malam Bello Ɗandago suna karanta labarun yaƙi da Hausa ta rediyo ga 'yan kaɗan da ke kusa da akwati. Ta haka talakan Katagum ya san wahalar mutumin Landan daki-daki, alhali da wuya matar da ke tsaye a layin majarin ta taɓa jin sunan Azare.

Amma sanin nan ya haifi abin da masu majigi ba su nufa ba. A 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya ga zaman mutanenta da idonsa, ya gana da tsohon Gwamna Lugga ya gaya masa koke-koken Arewa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Jami'ar Landan karatun aikin malanta, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, dukansu kuwa malamai ne a Midil ta Bauchi, makarantar da 'yan lardin nan, har da na Katagum da Misau da Jama'are, suke zuwa. Sun iske ƙasar da ta ci yaƙi ta kuma juya wa Firayim Minista Churchill baya a zaɓen Yuli 1945 ta ɗora jam'iyyar Leba, domin talakawanta sun ƙudura cewa haƙurin da suka yi bashi ne a kan hukuma. An kuwa biya su: ilmin sakandare kyauta bisa dokar 1944, da magani kyauta ga kowa daga 5 ga Yuli 1948, duk da cewa ƙasar tana cikin fatara har burodi, wanda ba a ƙayyade ba cikin yaƙi, sai da aka ƙayyade shi daga 1946 zuwa 1948. Ba abin mamaki ba ne a ce a Bauchi ne, inda Malam Sa'adu Zungur da waɗannan malamai suka riƙa zaman tattaunawa tun wajen 1943, aka fara tambaya a fili game da aikin tilas da yadda En'e take mulki, kuma Tafawa Ɓalewa ne ya kawo batun gyaran En'e a majalisar Kaduna a watan Agusta 1950, watan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano.

Shi manomin gyaɗa nasa bashin bai fito ba. Mazan jiya suka dawo daga Bama a 1946 da 'yan kuɗin sallama, wasu suka sami aikin ɗan doka ko masinja ko tuƙin mota, da yawa suka koma gona. Sarki Umaru Faruƙu ya gaji Sarki Abdulƙadir a 1947. Yunwar mai a Ingila kuwa ta ƙaru maimakon ta ragu, aka ci gaba da kiran manoma su ƙara noma. Suka ƙara, har jirgin ƙasa, wanda injunansa da taragunsa suka tsufa cikin yaƙi ba a sabunta ba, ya kasa kwashewa zuwa Ikko, buhuna suka taru a Kano aka jera su dala-dala, ƙwari suna ci. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta shaida ce ta ƙwazon manomi, shaida ce kuma ta gazawar sufuri. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Ingila, bisa shawarar shugaban UAC Frank Samuel, ta tafi Tanganyika a 1947 don ta noma gyaɗa da manyan injuna a dajin da ba shi da isasshen ruwa, ta zuba fiye da fam miliyan 30, ta watsar da aikin a 1951 ba ta sami abin kirki ba. Da an sa wani yanki na wannan dukiya a taragu da hanyoyi da rijiyoyi a ƙasar da gyaɗa ta riga ta karɓa, da matar Landan ta sami manta da wuri, da manomin Katagum ma ya ga amfanin guminsa. Gaskiya ne an yi dokar raya ƙasashen mulkin mallaka a 1945, an kuma tsara shirin shekara goma na Nijeriya a 1946, wanda ya kawo wasu makarantu da asibitoci da rijiyoyi. Amma a shekarun nan hukumar saye tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya da nisa, tana tara rarar da sunan ajiya don ranar da farashi zai faɗi, kaso mai yawa na ajiyar kuma yana zaune a Landan yana tallafa wa fam ɗin Ingila.

A watan Yuli 1954 aka daina ƙayyade nama a Ingila, wanda shi ne abu na ƙarshe da ya rage, aka soke littafin rabo bayan shekara 14. A wannan shekara ce kuma aka miƙa cinikin gyaɗa, wanda tun 1949 yake hannun hukumar gyaɗa ta Nijeriya, ga hukumar kasuwanci ta Jihar Arewa, rarar ta koma hannun gwamnatin Kaduna, aka yi ayyukan raya ƙasa da ita waɗanda ba za a musa ba. Sai dai tsarin da aka ƙago don larurar yaƙi, wato a yanka wa manomi farashi daga sama ba tare da an ji ta bakinsa ba, ya wuce yaƙin, ya wuce mulkin Turawa, ya wuce gyaɗar kanta, wadda fari da cutar da ta afka mata a 1975 suka karya, ba a rushe hukumomin sayen amfanin gona ba sai a 1986.